Fulas Mai Rariya

Ya ku 'ya'yana da ƙannena na Yako da kewaye, tun daga Kwanar Ɗangora har duwatsun Doguwa:

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙarami ne a ido. A hunturun da ya wuce, ɗan ƙanina da ke karatu a Kano ya dawo hutu da wata buta ta ƙarfen silba, doguwa kamar fulas. A tsakiyar murfinta an soke sanda, a gindin sandar kuma akwai faifan rariya mai ƙananan idanu. A wurin masu gwanjo ya tsince ta, aka ce masa ta haɗa gahawa ce. Kafin mako ya zagayo abokansa sun raɗa mata suna fulas mai rariya, sunan kuwa ya zauna mata daram, don haka ni ma da shi zan kira ta.

Ranar farko garin Nescafé suka zuba a ciki. Rana ta biyu suka samo gahawar da aka niƙa luƙui kamar garin tuwo, sandar ta ƙi sauka, ɗayansu ya danna da ƙarfi, ruwan zafi ya yi tsartuwa ya ƙone masa bayan hannu. Rana ta uku yaron ya haɗa bayan sallar asuba, ya sha kofi ɗaya, ya rufe sauran, sai bayan azahar ya zubo ya kawo mini. Zafinta bai gama hucewa ba, amma ɗaci kamar an jiƙa maɗaci. Ya ce, “Baba, ina jin gahawar ce ba ta da kyau.” Na ce masa gahawa ba ta yi laifin komai ba. Na yi shekaru ina aiki a Gembu, a kan tsaunin Mambila, inda ake noma ta, can na koyi shanta, can kuma na koyi yadda ake ɓata ta. Tun da na ga butar nan ta fara shiga hannun samari, na ga gara in faɗi abin da na sani tun da wuri.

Gahawa dai ba baƙuwar Musulmi ba ce. Asalin itacenta daga tsaunukan Habasha ne, kuma Sufayen Yaman ne aka fara sani da shanta a ƙarni na 15, don su iya raya dare da zikiri. Daga tashar jiragen ruwa ta Moka ta bazu a duniya. A shekarar 1511 gwamnan Makka, Kha'ir Beg, ya hana shanta, malamai suka yi ta muhawara, daga baya hanin ya faɗi. Sunan da muke kiranta da shi ma daga Larabci muka aro. Alhazanmu sun san ta a ƙananan kofuna tare da dabino, 'yan uwanmu mazauna Sudan kuma suna dafa ta da citta a 'yar tukunyar da suke kira jabana. Mu nan ƙasar Kano goro ne ya tsare mana wannan gurbi shekaru aru-aru, shi ya sa fatakenmu suka riƙa taka sayyada har Gwanja. Sinadarin da ke hana mai cin goro gyangyaɗi, wato kafeyin, shi ne dai a cikin gahawa da ganyen shayi.

Ita butar kuwa ƙirar Turai ce. Wasu Faransawa biyu, Mayer da Delforge, sun yi rajistar wani samfurinta a 1852, shi ya sa har yau ake jingina ta ga Faransa. Wani mutumin Italiya, Attilio Calimani, ya yi rajistar wadda ta fi kama da ta yanzu a 1929, sannan Faliero Bondanini ya ƙara gyara ta a 1958. Yawancin waɗanda suka yaɗu na gilashi ne. Irin wadda ɗana ya kawo ta haɗa wannan dabara da ta fulas, wadda James Dewar ya ƙirƙiro a Landan a 1892: bango biyu, ɗaya cikin ɗaya, da sarari a tsakani. A masu kyau an zuƙe iskar da ke cikin sararin, sai zafi ya rasa gadar da zai taka ya fita. Wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa da sanyi, ya kuma kwana a ɗakin kwano, ya san aikin bango.

Ga mutumin ƙasarmu wannan buta ta fi ta gilashi nesa ba kusa ba. Ba ta fashewa in ta faɗo daga kan babur. Kuma duk wanda ya taɓa fita da sassafe a watan Janairu wajen Tiga, ko ya ratsa dajin Falgore da asuba, ya san yadda iskar hunturu ke lashe zafin ruwa kafin ka kai kofi baki. A butar gilashi, ruwan da ka zuba yana hucewa tun gahawa ba ta gama sakin abin da ke cikinta ba. A ta ƙarfe mai bango biyu, zafin yana tsayawa har aiki ya kammala. In za ku saya, ku gwada: ku zuba tafasasshen ruwa, ku rufe, ku jira kaɗan, ku dafa jikinta. In ya yi zafin da hannu ba zai zauna ba, bangon ya lalace ko kuwa dama ba na kirki ba ne. Ku duba rariyar kuma, gefenta ya kama jikin butar ko'ina. Kada ku taɓa ɗora ta a kan murhu ko risho. Ba tukunya ba ce, a wani wuri ake tafasa ruwan.

To, me za a zuba? Garin Nescafé da ire-irensa, wanda mai shayi ke yaga leda ya kaɗa muku, gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta aka busar da ruwanta. Tun 1938 ake yin Nescafé. Narkewa yake yi gaba ɗaya, ba ya barin tuƙa, saboda haka babu abin da rariya za ta tace. Butar nan 'ya'yan gahawa take so, waɗanda aka soya aka daka. Ƙasarmu ta Kano ba ta fitar da su, domin irin gahawar da ake kira Arabika yana son tudu mai sanyi da ruwan sama mai tsawo, ranin nan namu kuwa ba zai bar shi ba. Amma ba sai an tsallaka teku ba. Ana noma shi a Mambila ta jihar Taraba, inda Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya, wadda gahawa ke cikin amfanin da take kula da su, take da reshe a Kusuku. Ana samunsa kuma a tsaunin Jos, wanda hanyarsa ta bi ta Tudun Wada da Doguwa. Abin yana yi mini ciwo in ga manomin Mambila na neman mai saye, mu kuma muna nan muna shan ta leda da ta zagayo duniya kafin ta iso mu.

In ɗanyu kuka samu, masu launin kore-kore, ku soya su a kasko mai tsabta, wuta matsakaiciya, hannu ba ya tsayawa da juyi. Za su yi ɗorawa, su koma ruwan ƙasa, sannan ku ji sun fara fashewa kamar gugguru. Daga wannan ƙara an shiga gona. Ku ƙara ɗan lokaci kaɗan ku sauke, kada ku jira su yi baƙi ƙirin suna naso, domin a nan gawayi za ku sha. Ku juye a faifai ku sheƙe ɓawon, ku bar su su kwana ɗaya ko biyu a kwalba mai murfi kafin ku fara daka.

A wurin daka ne mafi yawan mutane suke faɗuwa. Kada ku kai injin niƙa na unguwa. Zai mayar da gahawar gari, kuma za ta dawo da ƙanshin barkono da masarar maƙwabta. Ku nemi ɗan turmi ku keɓe mata, wanda daddawa da yaji ba su taɓa shiga ba. Girman da ake nema shi ne na tsakin masara, irin wanda iyayenku mata ke yin dambu ko fate da shi. Dalili biyu ne. Na farko, gari mai laushi yana toshe idanun rariya, shi ya sa sandar ta ƙi sauka har ruwan zafi ya ƙone ɗaya daga cikin samarin nan. Na biyu, ƙaramin ƙwaya yana sakin duk abin da ke cikinsa nan da nan, mai daɗi da marar daɗi, alhali a wannan buta gahawa tana zaune cikin ruwa ne na tsawon mintuna. Turmi ba ya daka daidai wa daida, dole a sami gari a ciki. Ku tankaɗe shi ku ware, ku yi aiki da tsakin. Kuma ku daka iya na yau. Dakakkiyar gahawa ƙanshinta guduwa yake yi, ko da an rufe.

Awo kuma ba wuya. Giram 60 ga lita ɗaya ta ruwa shi ne ma'aunin da aka saba farawa da shi. Ledar fiya wata rabin lita ce, ke nan giram 30 take ɗauka, kusan cokalin cin abinci biyar masu ɗan tozo. Wannan zai ba mutum biyu kofi ɗai-ɗai. In ruwan rijiyarku yana da gishiri-gishiri ko ɗanɗanon kanwa, ku nemi wani, domin kusan duk abin da ke cikin kofin ruwa ne, kuma gahawa ba ta rufa wa mugun ruwa asiri.

Kafin komai ku ɗauraye cikin butar da ruwan zafi ku zubar. Ƙarfe mai sanyi yana sace zafin ruwan farko, musamman da hunturu. Ku zuba tsakin. Ruwa in ya tafasa ku sauke, ku ba shi kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, ya sauko tsakanin digiri 90 da 96. A Gembu ba ma jiran wannan, saboda tsayin wurin yana sa ruwa ya tafasa tun yana wajen digiri 95, amma a Yako sai an ɗan dakata. Ku zuba ruwa kaɗan ya jiƙa tsakin. In sabuwar suya ce za ku ga ta kumburo tana kumfa, iskar da suya ta tara a cikinta ce take fita. Ku cika ruwan, ku motsa sau ɗaya a hankali, ku ɗora murfi, sandar tana sama. Ku duba agogon waya: minti 4. Idan ya cika, ku ɗora tafin hannu a kan sandar ku bar nauyin hannun ya sauke ta. In ta cije, ku ɗan ja ta sama ku sake. Ba kokawa ake yi ba.

Daga nan sai maganar da ta sa na rubuta duk wannan. Da zarar rariya ta kai ƙasa, ku juye gahawar duka, har ɗigon da ke saman tuƙa. Wanda za a sha yanzu a kofi, wanda za a ajiye a wani fulas na daban da aka ɗauraye da ruwan zafi.

Na san abin da za ku ce. Ai amfanin butar ke nan, ta riƙe zafi, don me za a juye? A nan ɗana ya ruɗu, kuma duk mai hankali zai iya ruɗuwa. Rariya ba ƙofa ba ce da ake rufewa. Ta danne tuƙa a ƙasa, amma ruwa yana shiga yana fita ta idanunta. Abubuwan da ke cikin ƙwayar gahawa kuwa ba tare suke fitowa ba. Masu ɗan tsami da ƙanshi su ne a gaba, masu zaƙi-zaƙi da nauyi a baki suna biye, masu ɗaci da bauri su ne 'yan baya. Minti huɗun nan iyaka ce da ake shatawa don a karɓi na gaba a bar na baya. A butar gilashi ruwa yana hucewa, sai aikin ya yi sanyi da kansa. A taku, zafin da kuke yabo shi ne yake ci gaba da tatsar tuƙar, awa bayan awa. Mutum ya taɓa jikin kofi ya ji zafi, sai ya ɗauka abin yana nan yadda ya bar shi, alhali tun hantsi ya zama wani abu dabam. Idan manomi zai tafi da ita fadama wajen noman rani, ko direba zai kama hanyar Zariya, to ya haɗa a gida, ya juye a fulas na gaske. Shi ya ma fi riƙe zafin, domin murfin butar nan da bakinta ba a toshe suke ba.

Akwai wani haɗari da ke tare da wannan buta. Jikin butar a waje ba ya nuna abin da ke ciki. Yaro mai rarrafe zai taɓa ya ji sanyi, ya jawo. Ku ɗaga ta daga tabarma.

Abin da buta ke yi wa gahawa, ita ma gahawa tana yi wa mai shanta wani abu mai kama da shi, kuma wannan ya fi damuna fiye da ɗaci. Na ga yadda kuke yi idan jarrabawar WAEC ko JAMB ta matso, na ga masu tuƙin dare a Kwanar Ɗangora suna cewa mai shayi ya ƙara leda biyu. Ku sani kafeyin ba ya cire gajiya. Tun daga farkawarka jiki yake tara wani sinadari mai suna adenosin, shi ne ɗan aiken da ke zuwa ya gaya wa ƙwaƙwalwa lokacin hutu ya yi. Kafeyin zama yake yi a zaure ya hana ɗan aiken shiga. Saƙon bai fasa ba, 'yan aiken ma ƙaruwa suke yi a ƙofar gida, kuma ranar da mai gadin ya tashi duk tare za su afka. Ido a buɗe, kai kuwa ya riga ya kwanta. Ɗalibi zai karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Direba kuma, barci ɓarawo ne, daƙiƙa biyu sun ishe shi a kan kwalta.

Jiki yana ɗaukar kamar awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin da aka sha. Wanda ya sha kofi da la'asar, ƙarfe tara na dare rabinsa na nan a jininsa. Ni daga azahar na rufe. Hukumomin lafiya na Turai da Amurka sun sanya miligiram 400 a rana a matsayin iyakar baligi mai lafiya, wato wajen kofi huɗu madaidaita, kuma goron da ka ci da shayin da ka sha da lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari duk suna cikin lissafin. Ku 'ya'yana mata, mai juna biyu iyakarta rabin haka ne, miligiram 200. Kuma gahawa da shayi suna rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da zogale, saboda haka wadda ke fama da ƙarancin jini ta raba su da lokacin cin abinci. Wanda ya sha ya ji zuciyarsa na bugawa da sauri, ko hannu na rawa, ko gyambon cikinsa ya motsa, jikinsa ya riga ya ba shi amsa. Yara ƙanana kuwa ba nasu ba ne.

Akwai abu ɗaya da ya shafi wannan buta musamman. Rariyar ƙarfe tana barin man gahawa ya wuce, shi ke ba ta nauyin nan mai daɗi a baki. A cikin man akwai sinadarin kafestol, wanda ke ɗaga kitsen jini da likitoci ke kira kolestarol. Wani bincike da aka yi a garin Tromso na ƙasar Norwe, aka buga a 1983, yana cikin na farko da suka nuna alaƙar shan gahawa da hauhawar wannan kitse, a wurin da mutane suka saba dafa ta ba tare da tacewa da takarda ba. Kofi ɗaya ko biyu ga saurayi mai lafiya ba abin tayar da hankali ba ne. Amma in za ku haɗa wa mahaifinku da likita ya ce kitsen jininsa ya hau, ku sake tace tasa da takardar tace gahawa, ita tana kama man.

Ban faɗi wannan don in raba ku da gahawa ba. Na fi son in ga saurayi zaune da turminsa da agogonsa yana jiran minti huɗu, da in gan shi a bayan tasha yana neman abin da zai ɗauke masa gajiya nan take. Mu mutanen wannan yanki ba ma buƙatar a ba mu labari, makarantar gyaran tarbiyya tana nan Kiru a ƙofar gidanmu, kuma kun tuna yadda a 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi a cikin matasa. Da yawa daga cikin yaran da na sani da suka faɗa wannan rami ba da neman maye suka fara ba. Aiki suke so su yi fiye da ƙarfinsu, a gona ko a kan babur, wani ya ce ga abin da zai taimaka. Duk ranar da ɗayanku ya ji ana cewa a jefa ƙwaya a cikin gahawa ko shayi don ta ƙara ƙarfi, ya ajiye kofin ya tashi daga wurin, ko da abokin da ya fi so ne ya miƙo.

Game da sukari, ku fara kurɓar ta haka nan ko sau ɗaya, don ku san abin da kuka haɗa. In ta yi tsami salam, tsakin ya yi girma ko ruwan ya huce. In ta yi ɗaci da bauri, ya yi laushi ko ta daɗe. Ku canza abu ɗaya gobe, ba biyu ba, don ku gane wanne ne ya gyara. Bayan nan mai son citta ko kanumfari ya jefa tare da tsakin, mai son madara ya zuba a kofinsa, ba a cikin butar ba. Ni ɗan gutsuren mazarƙwaila nake sawa. Kurɓin ƙarshe na kofi kuma a bar shi, akwai laka a gindi.

Sai wanki, wanda samari ba sa so. Faifan rariyar nan hawa uku ne, kwancewa yake yi in an murɗa sandar. Man gahawa yana maƙalewa a tsakaninsu, in ya kwana biyu ya yi ɗoyi, ya ɓata duk abin da aka haɗa bayansa. Ku kwance, ku wanke da sabulu da soso mai laushi, ku ɗauraye sosai, ku lura da yadda kuka cire don ku mayar daidai. Tuƙar kada ta bi kwata, toshewa take yi. A zuba ta a juji tare da taki, damina na zuwa ta tafi gona.

Ɗan ƙanin nawa ya koma makaranta da butarsa da wani ɗan turmi da kakarsa ta ba shi. Ana gobe zai tafi, ya yi sallama a zaurena bayan an fito masallaci da asuba, hazo ya rufe gari. Ya zuba mini a kofi, ya zuba wa kansa, sauran ya juye a tsohon fulas ɗin shayin mahaifiyarsa, ya ce na baffansa ne da ke can gona yana ban ruwa.